Daga Damagaram zuwa Say ta kogin Isa

Lahadi, 8 ga Oktoba 2017

Shawara ta tsaya a gidanmu. In Allah ya kai mu hutun ƙarshen shekara, za mu kai yara kogin Isa, wato kogin Kwara, mu shiga kwale-kwale, mu kwana a hanya, mu sauka a gari mai tsohuwar mashiga. Ni da uwargida da yaranmu uku. Zan riƙa rubuta yadda shirin ke tafiya, don akwai 'yan uwa a Zango da Sabon Gari da suka ce in ta yi kyau su ma za su bi sawu.

Yaron Damagaram a jarka ya san ruwa. Ya san layin famfo tun kafin kiran assalatu, ya san ƙarar kurar ɗan ga-ruwa, ya san sunan Gogo da Machaya da Arunguza saboda daga can ake turo mana abin da muke sha, ran da aka turo. A lakwal an sa su sun haddace cewa kogin Isa ya haura kilomita 4,000, daga duwatsun Gini ya taso, ya ratsa ƙasarmu wajen kilomita 550. Suna faɗa ba gargada. Amma ba su taɓa ganin ruwan da ke tafiya rani da damina ba. Ina so su zauna a kansa, su ji motsinsa a jikinsu, su san cewa kogin nan nasu ne kamar yadda yake na ɗan Tillaberi.

Ba na son jirgi mai inji. Ƙararsa tana korar tsuntsu, tana hana hira. Masunta suna ɗinka buhuna su kafa a kan gora, iska ta riƙa tura su, kuma irin wannan zanen za mu ɗinka a nan gida da hannunmu mu tafi da shi.

Litinin, 23 ga Oktoba

Shekaranjiya Asabar aka kai hari barikin jandarma na Ayoru, jandarmomi 13 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Da ma Ayoru na cikin lissafinmu saboda kasuwarta ta Lahadi da dorinar da ake gani a can. Mun cire ta. Kudu za mu yi, daga Yamai mu gangara Say, inda ɗan yayana ke karatu a jami'ar Musulunci.

Ni ban ɗauki wannan a matsayin asara ba, domin Say da Damagaram tsohuwar hanya ce ta haɗa su. Baturen nan Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, a nan garin ya zauna daga ƙarshen Disamba 1852 zuwa ƙarshen Janairu 1853 yana haɗa kayan tafiya. Ya bi ta Katsina da Sakkwato da Gwandu, bai ga kogin ba sai a watan Yuni, kuma a Say ya gan shi. Jiragen da suka ƙetare da shi kututture biyu ne aka fafe aka ɗinke su a tsakiya. Fatake daga ƙasar Hausa masu neman Gurma da Dori nan suke ƙetarewa, da raƙumansu da dawakinsu. Sannan a 1890 Faransa da Ingila suka zauna a ƙasarsu suka ja layi a takarda daga Say zuwa Barruwa ta bakin tabkin Cadi, suka ce arewa na Faransa, kudu na Ingila. Wannan layi kyaftin Cazemajou ke bi lokacin da ajalinsa ya same shi a Damagaram a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuren Daga. Ke nan sunan Say yana cikin labarin yadda aka yi muka zama 'yan Nijar, amma da wuya ka sami ɗan lakwal a nan da zai nuna maka garin a taswira.

Inna ba ta so ba. Da na kai mata maganar sai ta ajiye carbi ta ce, "Kai ɗan tudu ne, ubanka ɗan tudu, me ya haɗa ka da ruwa, har da jikokina?" Na ce, "Inna, ba ni zan tuƙa ba, masu ruwan ne za su kai mu." Ta yi shiru, can ta kafa sharaɗi: kowane yaro da rigar ruwa a jikinsa, ba tafiyar dare, kuma abin da mai jirgi ya ce shi za a yi ko da ban so ba. Na amsa mata duka.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Yaya ya samo mana mai jirgi a Yamai, wani dattijo Basarke, wato daga Sarkawa masu sana'ar ruwa, asalinsa daga wajen Gaya, yana jin Hausa da Zabarmanci. Mun yi magana ta waya. Na ce, "Baba, wane girma zan yi zanen?" Ya ce, "Kamu shida a tsaye, huɗu a kwance, Malam, kada ka ƙara ko taƙi ɗaya. Babban zane shi ke kifar da jirgi."

Ran Alhamis muka shiga Kasuwar Dole muka sayi buhunan fulawa da aka zazzage. Na fulawa ya fi na shinkafa saƙa mai ƙarfi, iska ba ta zurarewa ta cikinsa sosai. Yara suka farke bakin ɗinkin, aka wanke, aka shanya a kan katanga. Yau muka kai wa telan da ke ɗinkin tamfol a bakin kasuwa. Ya shimfiɗa su a ƙasa, ya ɗora gefen kowane buhu a kan na kusa da shi kamar faɗin yatsa uku, ya bi da keke sau biyu, sannan ya naɗe bakin zanen gaba ɗaya a kan igiya ya danne. Ya ce ƙarfin tamfol a bakinsa yake, in baki ya riƙe tsakiya ba ta yagewa. Kusurwoyi huɗu kuwa baduku muka kai wa a cikin Birni. Ya yanka jar fatar akuya, ya ninka ta ciki da waje, ya huda da basilla ya ɗinke da zaren da aka shafa wa kakin zuma, ya bar ƙofar da igiya za ta bi. Da ya ji inda zanen zai je sai ya ƙi karɓar kuɗin kusurwa ɗaya, ya ce ladan ganin kogi ya ba yara.

Rigunan ruwa babu su a kasuwar nan. Mun ba wani ɗan unguwarmu mai safarar Kano sallahu.

Lahadi, 19 ga Nuwamba

Gwaji a tabkin Gidimuni. Mun wuce Mirya da sassafe, muka isa hantsi bai yi zafi ba. Wurin yana da daɗin ido: dabino, garaken rake da kabeji, ruwa shimfiɗe tsakanin tuddan rairayi. Wani masunci ya ba mu aron kwale-kwalensa, ya shiga tare da ni da babban yaro. Muka ɗaure gora a sandar da ta gitta jirgin, muka ɗaga zanen.

Ga abin da muka gano, kuma shi ne darasin da ya fi kowane amfani kawo yanzu. In iska ta fito daga baya, jirgin yana tafiya sumul, ba wanda ya taɓa matuƙi. In ta fito daga gefe, sai ya karkata ya riƙa zamewa a kaikaice har ya shige cikin kacalla. Dalili shi ne gindin kwale-kwale a shafe yake, ba shi da wani katako da ya nutse a ƙasa da zai riƙe shi a kan hanya. Da dare na buɗe taswira. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Daga Yamai zuwa Kollo kogin kudu maso gabas ya nufa, wato iska za ta riƙa dukanmu a haƙarƙari. Bayan Kollo ne ya karya ya miƙe kudu, a nan za ta koma bayan kafaɗarmu ta hagu. Ke nan rana ta farko ta matuƙi ce da gudun ruwa, zanen sai rana ta biyu.

Rigunan sun iso, mun gwada su a jikin kowa. Ta Auta ta yi mata yawa, uwargida ta ƙara mata maɗauri ta tsakanin ƙafafu don kada ta zame ta kai. Wanka a tabki kuwa ta hana ƙememe saboda tsargiya, kuma ta yi gaskiya. Ruwan da ke kwance mai ciyawa da dodon koɗi shi ne gidanta.

Lahadi, 10 ga Disamba

Mai jirgi ya aiko cewa baƙin ruwa ya iso, kogi na ta cika. Wannan abu ya ɗaure wa yara kai, har da uwarsu: ina aka yi ruwan sama a watan sanyi? Na zana musu a ƙasa. Kogin Isa cika biyu yake yi a Yamai. Ta farko a Agusta da Satumba, lokacin da Sirba da Dargol da Goruwol suka kwaso ruwan damina daga ɓangaren Burkina, ja wur da laka. Ta biyu ruwan da aka zuba ne a Gini tun damina, amma sai ya bi ta Mali ya bazu a fadamun Masina wajen Mopti, ya yi watanni yana ratsa ciyawa da tabkuna, ya zubar da lakarsa a can, sannan ya iso mana daga Disamba zuwa Fabrairu a tace. Shi ya sa yanzu ne lokacin jirgi. A Mayu da Yuni rairayi ke fitowa tsakiyar kogi, kuma a 1985 sai da ruwan ya tsaya cak a Yamai.

Guzuri ya haɗu: kilishi, dabino, garin rogo, ƙuli-ƙuli, shayi da sukari, sange biyu, barguna, maganin zazzaɓi, ƙwayar tsabtace ruwa, fitilar hannu. Katin ɗan ƙasa da takardun haihuwar yara suna cikin leda biyu. An sayi tikitin kar, wato babbar motar fasinja. Inna ta yi sadakar masa ran Juma'a.

Litinin, 25 ga Disamba, Yamai

Jiya muka yini a mota, kusan kilomita 900: Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, muka shigo da dare a gajiye. Yau da safe Yaya ya hau da mu gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970. Yara ba su ce komai ba da farko. Babban ya riƙe ƙarfen gada yana bin wani guntun kainuwa da ido har ya ɓace. Tun ina yaro nake jin manya na ƙorafin yadda aka ɗauke babban birni daga Damagaram aka kawo nan a 1926. Har yau abin yana min ciwo, amma wanda ya tsaya a kan gadar nan ya tuna layin famfon garinmu zai gane ɗaya daga cikin dalilan.

Da la'asar muka je wurin mai jirgi. Ya warware zanen, ya ja kowace kusurwa da ƙarfinsa, ya yaba aikin baduku. Sai ya sa ɗansa ya huda ƙofofi a jere a tsakiyar zanen ya zura gajerun igiyoyi, don in iska ta yi yawa a naɗe rabi a ɗaure. Ya dubi yara ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Jikokina, a cikin jirgina ba a tsayuwa, ba a sauya wuri sai na ce, ba a sa hannu a ruwa. Wanda ya ji tsoro ya faɗa, ba abin kunya ba ne." Ya juyo gare ni: "Malam, har da kai." Na ce, "Na ji, Baba."

Laraba, 27 ga Disamba, wata tunga kusa da Kollo

Mun tashi daga wajen Gamkalle, ƙasa da gada ta biyu, bayan rana ta ɗaga. Jirgin na katako ne, dogo, an shimfiɗa kara da tabarma a ciki. Dattijon yana baya da matuƙi, ɗansa a gaba da gora. Sanyin kan ruwa daban yake da na tudu, yana shiga ƙashi, sai da aka lulluɓe Auta da bargo a kan rigarta. Muka wuce Saga da Libore da N'Dunga, gonakin shinkafa shimfiɗe a hannun hagu, injinan ban ruwa na ta bugu, mata na wanki a kan duwatsu, balbela fari fat a kan bishiyoyi. Kamar yadda taswira ta nuna, iska a gefe take, zanen yana naɗe.

Bayan azahar dattijon ya daina hira. Ya ɗaga matuƙi ya buga gefen jirgi, kwas, kwas, ya jira, ya sake bugawa. Can gabanmu ta dama sai ga kunnuwa biyu ƙanana da hanci sun ɓullo, ruwa ya fesu sama, sai wasu biyu a bayansu. Dorina. Bai yi sauri ba, bai ɗaga murya ba. Ya karkata da mu hagu, ɗansa ya kafa gora, muka bi ta bakin ciyawar burgu inda ruwa bai kai ƙugu ba, muka ba su fili mai yawa. Uwargida ta riƙe wuyan rigar Auta tana salati a hankali. Sai da muka yi nisa ya ce bugun don su fito ne ya san inda suke, domin wadda ba ka gani ba ita ce abin tsoro, musamman mai ɗa. Ya ce wurin nan sun daɗe a cikinsa, kowane masunci ya san shi, baƙo mai inji ne ke faɗa musu. A nan na ƙara gode wa Inna da sharaɗinta na uku.

Mutanen tungar sun karɓe mu hannu bibbiyu. An gasa mana karfasa, an yi miyar tarwaɗa da tuwon shinkafa. Sauro kam akwai shi duk da sanyi.

Alhamis, 28 ga Disamba, Say

Bayan mun wuce Kollo kogin ya miƙe kudu, kuma wajen ƙarfe tara iska ta tashi. Dattijon ya ce, "To, Malam, a ga aikin Damagaram." Ɗansa ya kafa gora, babban yarona ya ja igiya kamar yadda aka nuna masa. Zanen ya yi fal-fal sau biyu, sannan ya cika ya yi ciki, rubutun kamfanin fulawa a juye a jikinsa. Jirgin ya ɗan sunkuya, sai muka ji ruwa ya fara waƙa a ƙarƙashin katako. Aka ajiye gora, dattijon ya saƙale matuƙi a hammata yana gyara hanya kawai. Ya ba yaron igiyar ƙasa ya ce kada ya ɗaure ta, ya riƙe a hannu, in ya ji iska ta fizga ya saki. Sau da yawa ya saki, sau da yawa ya sake ja, tafin hannunsa ya yi ja, bai yarda ya ba kowa ba. Wasu masunta da muka wuce suka ɗaga mana hannu suna tambaya da Zabarmanci ina aka ɗinka mai kunnen fata.

Gab da azahar iska ta ƙaru, aka naɗe rabi. Ɗinki ɗaya na tsakiya ya buɗe kamar taƙi guda, baki da kusurwoyi ba abin da ya same su. Da rana ta karkata iskar ta faɗi, muka ƙarasa da matuƙi. Ɗan yayana na tsaye a mashiga tun kafin la'asar.

Juma'a, 29 ga Disamba, Say

Yau kasuwa ke ci. Tun da safe jirage ke isowa daga ƙetare da kifi busasshe, kabewa, buhunan shinkafa, awaki a ɗaure, Fulani da ƙoren nono. Fulatanci da Zabarmanci da Gurmanci da Hausa duk a wuri ɗaya. Mun ziyarci kushewar Alfa Mahaman Jobbo, malamin da ya zauna a nan wajen 1825 ya mai da garin wurin karatu, ɗalibai na zuwa daga nesa, yana kuma da alaƙa da Gwandu. Ba banza aka kawo jami'ar Musulunci nan ba, wadda ta fara aiki a 1986. Ɗan yayan nawa ya zagaya da mu cikinta, abokan ɗakinsa daga ƙasashe daban-daban.

Abin da ya dame ni shi ne mashigar kanta. Wurin da ayarin ƙasar Hausa ya yi shekara da shekaru yana ƙetarewa, babu ko allo da zai gaya wa yaro abin da ya faru a nan. Kwalta da gadojin Yamai sun ɗauke fatauci, wannan ba laifin kowa ba ne, amma tarihi bai kamata ya tafi tare da shi ba. Mu ma a Birni haka muke barin ganuwar Tanimun tana zubewa, ga shi kuwa baɗi mu ne da bikin 18 ga Disamba na ranar Jamhuriya.

Mai jirgi zai koma gobe, wani jirgi mai inji zai ja nasa zuwa Yamai. Mu ta mota za mu koma, tafiyar kilomita 55 ce ko kusa da haka.

Asabar, 6 ga Janairu 2018, Damagaram

Mun dawo lafiya, yara sun koma lakwal. Auta ta yi mura, ta warke. Uwargida ta ce duk wanda ya yi zazzaɓi a cikin makonnin nan kai tsaye likita, ba jira.

Zanen yana wurin tela. Zai sake bin ɗinkin tsakiya da zare mai kauri ya ɗora masa ƙyalle ta baya. Baduku kuma zai sa fata a ƙofofin igiyoyin naɗewa, don sun fara cinyewa.

Sauran aiki shi ne zango na biyu, daga Say zuwa Gaya. Dattijon ya ce wannan ba irin ta farko ba ce. Tafiyar kwanaki ce, ta inda kogin ya yi lanƙwasar da gandun dajin W ya samo sunansa, akwai duwatsu a ruwa, garuruwa kuma nesa da juna. Ya ce sai da jirgi babba mai inji a ajiye ko da za a ɗaga zane, sai da izinin ma'aikatan gandun daji, kuma ba zai ɗauki Auta ba sai ta iya iyo. Maganar tsaro ma sai mun sake dubawa in lokaci ya matso. In hankali bai kwanta ba, za mu dakata. Na fara tambayar inda yara za su koyi iyo a ruwa mai tsabta a garin nan, abin da ba shi da sauƙin samu. Gida biyu daga Zango sun ce a sa da su, don haka za a buƙaci ƙarin riguna da zane na biyu, kuma na gaya wa mai fulawa ya fara ajiye mana buhuna.